Bidiyon sojan Isra'ila a motar Baure

Muna cikin mota daga Daura zuwa Baure, sai na kunna bidiyon wani tsohon sojan Isra'ila. Yana faɗin yadda suka tsare wata Bafalasɗiniya mai naƙuda a shingen bincike.

Direba ya ja tsaki. "Shiri ne kawai! Sai da ya tuɓe kaki ya san zalunci ne?"

Na ce wallahi ni ma zargina ke nan.

Wani dattijo a kujerar gaba ya waiwayo. "Ɗana, ni ma na yi soja. Bakina bai buɗe ba sai da na ajiye bindiga."



Har yanzu ban yarda da sojan bidiyon ba, amma na kasa tambayar dattijon me shi ya gani.

Ku fa, tuba ce ko wanke kai?