Katunan Malam Isuhu na Badaguishiri

Ina cikin aji a lakwal ɗinmu ta Konni aka kira ni a waya: Malam Isuhu ya rasu da hantsi, a lambunsa na Badaguishiri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na sallami yara.

Shi ya koya mini nahawu. Kafin ya dawo gida ya yi shekaru yana koyarwa a Guyane, can Amurka ta Kudu, inda ya zauna da mutanen Kali'na, masu magana da ɗaya daga harsunan Karib. Rabe-raben kalmominsu ne suka kama zuciyarsa. Akwai suna, akwai aikatau, amma sifa ba ta da ɗakin kanta. Abin da mu za mu kira sifa, su sun raba shi tsakanin suna da bayanau. Yakan ce mana, "Faransanci ya ba ku kwanduna tara na zuba kalmomi, kun ɗauka Allah ne ya saƙa su." In ɗalibi ya yi kuskure ba ya tsawa, sai ya ce, "Koma ka tambayi kalmar, ba ta gama ba ka amsa ba."

Kowace kalma da ya ji a bakin tsofaffin Kali'na ya rubuta ta a kati, da ajami, don hannunsa ya fi gudu da shi. Katunan sun cika akwatin ƙarfe guda. Burinsa ya mai da su littafi da Hausa. Sau uku yana kirana in zo mu kwafe su da boko, sau uku ina cewa sai an yi hutu.

Bayan sadakar bakwai na sami yayansa, Baba Sanda, manomi mai tsoron Allah.

"Baba, akwatin Malam fa?"

"Takardun? Mun ƙone su jiya, ɗana. Gara ta hwara cin su, yara na jan su ƙasa. Rubutun Alƙur'ani ba a bari a taka shi. Tokar ma wuri mai tsabta munka bizne ta."

Ya tsaya yana jiran in yaba masa, na kuwa yi masa godiya. Ban iya gaya masa cewa ba Alƙur'ani ya ƙone ba, kuma ba laifinsa ba ne, nawa ne. Tsofaffin da suka ba Malam kalmomin nan sun riga shi tafiya. Abin da ya rage a kaina ba zai cika shafi biyu ba, shi ma ban amince da shi ba. Baƙin cikin nan ba na sa ran zai sake ni.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Hajiya Zali da 'ya'yanta haƙuri, ya saka wa Baba Sanda da niyyarsa. Ni kuma Allah ya yafe mini jinkirina, tunda Malam ya tafi ban roƙi gafararsa ba. Amin.