Addu'ar Baba a Cikin Kaset

Makera zuwa Kano

Tun kafin gari ya waye na fito daga gidanmu da ke Makera, akwati a ka, Baba yana biye da ni yana tari. Ni malamar Turanci ce a wata makaranta a Kakuri, kuma wata Sista a cocinmu ce ta samo mini gurbin koyon Latin a ƙasar Italiya lokacin dogon hutu. Har yau ban san abin da ta gani a tattare da ni ba.

Baba kuwa duk unguwa Baba Latin ake ce masa. Yana yaro ya yi wa wani Fada Bature, limamin coci, hidima a ƙauyenmu, Fadan ya koya masa wata addu'a da Latin, kullum da safe sai ya karanta ta kafin ya tafi aiki a masaƙa. Kowa ya ɗauka yana jin harshen. Muna jiran bas a bakin titi ya danƙa mini kaset ɗin da ya ɗauki muryarsa, ya rage murya ya ce ko kalma ɗaya bai san ma'anarta ba, kunya ce ta hana shi tambayar Fadanmu na yanzu.

"Hannatu, ƙirjin nan ba zai bar ni na daɗe ba. Ki gano mini abin da nake faɗa wa Allah kafin na je gabansa."

Na ƙetare gada zuwa tashar Kawo, na shiga motar Pijo mai zuwa Kano. Bayan Zariya sojoji suka tsayar da mu a shinge, lokacin ba a musu da soja. Ɗaya ya ga kaset ɗin a jakata, ya sa direba ya kunna. Muryar Baba ta cika motar. Ya tambaye ni abin da tsohon ke cewa, na ce shi za ni tambayowa a ƙasar waje.

"Shi tsohon ina yake?"

"Yana gida."

Ya sa aka miƙo mini kaset ɗin, sannan ya ce wa direba ya ja motarsa.

Roma

Jirgin sama daga Kano ya sauke mu da hantsi. Ni a tunanina tunda nan ne tushen Latin, ko mai sayar da burodi da shi zai yi ciniki. Na gaida direban tasi da 'yar gaisuwar Latin da Sista ta koya mini, ya juyo a tsorace, ya yi alamar gicciye, ya tambaya da guntun Turanci ko rasuwa aka yi mini. Wata mata a tashar jirgin ƙasa ta warware mini: babu mai magana da Latin a titi, harshen ya daɗe da mutuwa. Na zauna a kan akwatina raina a jagule. Na bar mahaifina ba lafiya, na tsallako teku don koyon harshen da masu shi suka ajiye.

Garin kan dutse

Jirgin ƙasa ya kai ni wani ƙaramin gari a kan dutse, aka sauke ni a gidan Sistoci. Ranar farko aka kawo taliya, na ci na ƙoshi na yi godiya, sai ga nama, sai ga ganye, ashe taliyar buɗe baki ce. Da rana tsaka a rufe kantuna kowa ya kwanta, da yamma kuma rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ma na daina yarda da shi.

Malaminmu wani tsoho ne, Malam Piyetro, a aji ba ya magana sai da Latin. Ya ɗaga kofi ya faɗi wani abu, 'yan aji su kwashe da dariya, ni ma na yi don kada a bar ni a baya. Na zaci addu'o'i za mu koya, sai na tarar da yaƙe-yaƙe da jiragen ruwa da wata yarinya mai kai wa manomi ruwa. Da ƙyar kaina ya fara ɗauka. Nakan kunna kaset a ɗaki, na tsinci kalmar ƙasa, na tsinci ta saniya, amma sunan Allah ban ji shi ba. Na ce kunnena ne bai nuna ba.

Ana saura kwana kaɗan mu tashi na kai wa Malam kaset ɗin. Ya saurara ido a rufe, ya sake mayarwa, har leɓensa yana bi. Ya ce lafazin tsohon nan ya fi na ɗalibansa, sannan ya tambaye ni ko manomi ne. Na ce addu'a ce.

"'Yata, wannan ba addu'a ba ce. Tsohon rubutu ne a kan noma."

Ya fassara mini da Turanci a hankali: kada ka yi shuka da ruwan farko, ka bar gonar da ta gaji ta huta, ka shayar da saniya kafin kai ka sha. Na fita na zauna a kan matakala na yi kuka, ban sani ba ko don Baba ne ko don haushin Fadan da ya daɗe a kabari.

Komawa gida

Daga Roma har Kano ina shirya ƙarya. Na haɗa addu'a mai daɗi, da gafara da rahama, na haddace ta. A shingen Zariya ma ita nake maimaitawa a zuci.

Na iske Baba a ƙofar gida ya ƙara ramewa. Bai bari na ajiye akwati ba ya ja ni ɗaki ya rufe ƙofa. Da na ga yadda ya cire hula ya zauna, sai na fasa ƙaryar. Na faɗa masa yadda Malam ya faɗa mini, ban rage komai ba.

Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce ya tuna, ba a coci Fada ya koya masa ba, a lambun mishan ne, suna ban ruwa, Fadan yana rerawa shi yana bi. Shi ne da kansa ya ɗauka duk abin da Fada ya faɗa da Latin addu'a ce.

"Ba zagi a ciki?"

"Babu, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Shi Allah da nake faɗa wa yana jin Latin. Tun ina yaro yake saurarona ina koya masa noma, bai taɓa korata ba."

Ina godiya ga Sista, da Malam Piyetro, da Allah da ya dawo da ni na same shi da rai. Washegari da safe na ji shi ta bango yana karantawa kamar kullum. Da ya zo wurin saniya sai ya tsaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ƙarasa, ya ce amin.