Hutun Mma Hawawu a Ɗakin Katako

Shekara goma sha tara Mma Hawawu ta yi a unguwar Park Hill, can ƙasar waje, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganinta zaune ba ta riƙe da komai ba. 'Yar zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Tana idar da sallar asuba take kama bas zuwa bakin ruwa, ta hau jirgin ruwa ta tsallaka, ta shiga jirgin ƙasa zuwa Brooklyn. A can wata tsohuwa ke jiranta a yi mata wanka, a ba ta magani, a saurari labarin marigayi mijinta, wanda Hawawu ta haddace har tana yi mata gyara in ta yi tuntuɓe.

Da yamma ta dawo ta tarar da nata gidan yana jira. Ɗaki biyu ne da falo, amma mutum bakwai ke kwana: ita, 'yarta Suweiba, ƙanenta Abdul-Fatawu direban tasi, matarsa da 'ya'yansu uku. Ƙofa kuwa ba ta yini a rufe, don maƙwabta sun san lokacin da wake da shinkafarta ke nuna. Barcin kirki a jirgin ruwa take yin sa, minti ashirin da biyar zuwa, ashirin da biyar dawowa, jaka a rungume.

Cikin zafin shekarar 2016 likita ya auna jininta, ya sake aunawa, ya cire tabarau. Ya ce in ba ta samu hutu ba, nan da ɗan lokaci ita za a riƙa zuwa yi wa wanka. Suweiba, mai karatun jinya, tana wurin ta ji. Kafin mako ya zagayo ta kama musu ɗakin katako na kwana uku a wani gandun daji na gwamnatin jiha, tafiyar awa biyu arewa da birni, a bakin tafki.

Hawawu ta duba hotunan a waya: gado kan gado, murhun itace a waje, banɗaki can nesa cikin bishiyoyi. Ta ce kakarta a ƙauye irin wannan ta zauna har ta rasu, ba ta taɓa jin an kira shi hutu ba. Suweiba ta amsa da Turanci, kamar kullum, cewa a can waya ba ta kamawa.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Mma."

Hawawu ta ce to, a je.

Abu ɗaya Suweiba ta roƙa, kada a faɗa wa kowa. Amma ɗan zango ba ya tafiya bai yi sallama ba, in ba ɓarawo ba ne. Ranar Laraba Hawawu ta yafa mayafi ta bi ƙofa ƙofa. Maƙwabciyarta Balki, mutuniyar Nijar mai shago a Tompkinsville, ta dafe ƙirji ta ce mace da yarinya kaɗai a daji, tana raye ba za a yi haka ba, za ta raka su. 'Ya'yanta uku ma ba su taɓa ganin tafki ba. Abdul-Fatawu ya ce wa zai tuƙa in ba shi ba, kuma ba a barin iyali a baya. Alhaji Sumani na hawa na uku ya ji an ce iskar daji na maganin ciwon gwiwa, ya taho da Hajiyarsa. Kowa Hawawu ta ce masa bismillah, don ba ta san wata amsar ba.

Ranar Alhamis ta kwashe yini tana soya yaji da kaji na mutum goma sha uku. Ranar Juma'a mota biyu suka tashi, kular abinci a kan cinyarta har can.

Wurin da kyau, ba a ƙi gaskiya ba. Yara suka ruga bakin ruwa, Alhaji ya miƙe ƙafa a inuwa yana shaƙar maganinsa. Da aka zo hura wuta sai aka ga duk taron nan Hawawu ce kaɗai ta tuna yadda ake tuƙa tuwo a kan itace. Ta tuƙa, hayaƙi na cin idonta. Ta je famfo sau shida. Da aka raba gadaje aka ba baƙi da yara, ita ta samu kujerar roba. Suweiba ta yini tana cika tana batsewa.

Da hantsin Asabar ma'aikaciyar gandun ta zo zagaye, mace mai fara'a da faffaɗar hula. Ta dubi takalman da ke bakin ƙofa, ta ƙidaya kawuna, ta sake ƙidayawa. Ta ce doka mutum shida ne a ɗaki, saboda gobara. Ɗakin kusa babu kowa, za ta iya ba su, shida a nan shida a can. Mutum ɗaya ya yi yawa, kuma a kan wannan ba ta da abin yi.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Alhaji ya shafa gwiwa. Balki ta ce ita za ta koma, amma ta faɗa a hankali, kuma ba ta tashi ba. Suweiba ta buɗe baki, da alama tana da jerin sunaye, uwar ta kalle ta ta rufe. Korar baƙon da ka ce wa bismillah abu ne da za a riƙa faɗa a Park Hill har a ji shi a Kumasi.

Hawawu ta ajiye muciya ta goge hannu a zane.

"Ni zan tafi."

"Haba Yaya, don ke fa aka zo," in ji Abdul-Fatawu.

"Na sani. Akwai miya a babbar tukunya, ta kai ku gobe. Tashi ka kai ni tasha."

An yi ta a'a, a'a, irin wadda ake yi ana miƙo wa mutum jakarsa. Suweiba ta biyo ta har mota tana hawaye, tana cewa duk abin ya lalace. Hawawu ta ce ta zauna ta kula da Alhaji, kada ya shiga ruwa.

Bayan la'asar ta iso Park Hill. Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Babu talabijin, babu takalmin yaro a hanya, babu mai tambayar ina cokali. Duk bene ya san ta yi tafiya, ita da kanta ta sanar, don haka babu wanda ya ƙwanƙwasa. Masu kiran ta a waya kuwa rabinsu na daji inda waya ba ta kamawa. Ta kwanta a doguwar kujera da niyyar miƙe baya kaɗan. In ban da salla da ruwan shayi, ba ta tashi ba sai yammacin Lahadi, da ta ji hayaniyarsu a matakala.

Har yau ana ba da labarin yadda Mma Hawawu ta bar wa baƙi hutunta, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Jinin bai sauka sosai ba, ranar Litinin ma da asuba tana tashar bas. Da zafi ya sake zagayowa, Suweiba ta ce za ta kama ɗakin kuma, amma a wannan karon ko ƙuda ba zai ji ba.

Hawawu tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Kama biyu," ta ce. "Sallamar kuma ki bar mini, ni zan bi gidajen."