Injin da Baba Tanimu Ya Tayar

Wata rana na kai motata gareji a Kaduna, sai na tarar ana wani ƙaramin biki.

Wata tsohuwar jif ce ake yi wa, irin mai jan ƙafa huɗun nan da ba ta tsoron laka. Shekara uku tana yashe a gidan wani Alhaji, kaji na ƙwai a cikinta. Makanikai huɗu sun duba, kowa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan.

Baba Tanimu ne ya ce a kawo masa.

Dattijo ne, shekararsa arba'in yana sauke inji. Ba shi da allo a bakin rumfa, ba shi da kati. Sunansa kawai ke kawo masa aiki.

Wata biyu ya yi a kanta. Ya warware injin kaf, ya sa sabon ringi da fistin, ya wanke komai da hannunsa. Ranar da ta tashi, har mai shayin garejin sai da ya zo kallo.

Daga nan Alhaji ya kai ta wani sabon kamfani, suka ɗaura mata tukunyar gas cikin yini ɗaya, don ta riƙa tafiya da gas maimakon fetur. Ranar bikin nan ya dawo da ita garejin tare da injiniyoyinsu masu farar riga, da mai ɗaukar hoto.

To ga abin da duk tsohon bakanike ya sani. Injin da aka yi wa irin wannan aikin jariri ne. Sai an lallaɓa shi da fetur na kusan kilomita dubu, ba gudu, ba kaya, a dawo a ƙara ɗaure notocin kan injin, a saita bawul. Sannan a juya shi kan gas, don gas ya fi zafi.

Baba ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji, akwai magana ɗaya kafin ka ɗauki hanya."

"Baba, don Allah matsa gefe, kana ɓata mana hoto. Naka ya ƙare. Yanzu aikin masu ilimi ne."

Aka yi dariya.

Ina tsaye a wurin. Kunya ta kama ni kamar ni aka faɗa wa.

Baba ya dubi motar, ya dubi Alhaji. Ya koma rumfarsa ya zauna.



Washegari Alhaji ya loda mata buhunan taki, ya danna gas, ya nufi gonarsa a Saminaka yana taka ta son ransa. Sati biyu ana haka. Ranar nan a kan wani hawa ta yi zafi, ta yi hayaƙi, injin ya buga.

Kuna tsammanin Alhaji ya zargi kamfanin? Ina! Masu farar riga suka ce nasu lafiya lau, a tambayi wanda ya haɗa injin.

Alhaji ya hau soshiyal midiya da sunan Baba da kwatancen rumfarsa. Ya ce tsohon ya rikice, kowa ya yi hattara. Mutanen da ba su san ko ina ake zuba baƙin mai ba suka yi ta yaɗawa.

Alhaji ya sayi sabuwar mota a watan.

Baba kuwa, waɗanda ya yi wa aiki shekara ashirin suka zo ɗaya bayan ɗaya suka janye motocinsu.

Kwanan baya na bi ta wajen. Na same shi zaune, ba ko mota ɗaya a gabansa. Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi da ya sani, da ya bi motar da gudu ya faɗa wa Alhaji maganar ko ana dariya, don injin bai yi masa laifin komai ba.

Shi da aka wulaƙanta, shi ne kaɗai ke nadama.

Darasi: Kada ka toshe bakin wanda ya san cikin aikinka don kawai rigarsa ta yi dauɗa. Kai kuma mai sani, idan aka ci maka fuska, faɗi gaskiyar sannan ka yi fushinka. Mai hali zai sauya mota. Kai ba ka da wani sunan.

Tura wa wanda ka san yana raina masu aikin hannu, ko da ba zai gode maka ba.