Ɗurin Zabi a Bindigar Baba

Lokacin da aka kulle Kuala Lumpur saboda korona, muna zaune a wani ɗan gida a saman bene a Taman Melati, ni da matata da 'yarmu. Karatuna ya koma cikin kwamfuta. Ta taga nake ganin jirgin ƙasan unguwar yana wucewa ba kowa a ciki. Ni kaɗai nake fita, in tsaya a layin shagon mamak, masu sayar da abinci, da takunkumi a fuska, in ce tapau, su ƙunsa mini abinci in dawo. Da na idar da la'asar kuma sai in kira gida, lokacin can hantsi ne.

Baba maharbi ne. Noma da damina, daji da rani. Bindigarsa ta toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, kuma tun muna yara ya koya mana ɗurinta, ni da ƙanena. A zuba albarushi cikin murfin ƙaho, a tura tsumma a danna, sannan dalma, sannan wani tsumman. Ɗurin iri biyu ne. Na zabi ƙananan dalma ne kamar ƙwayar dawa, masu watsuwa. Na barewa guda ɗaya ce mulmulalliya, kamar ɗan magarya. Harbi ɗaya gare ka, don kafin ka sake ɗuri barewa ta kai wani gari. Baba ya sha faɗa a gabanmu cewa ranar da ya ji wa dabba ciwo ta tafi da shi a jikinta, ranar zai ajiye bindiga.

Kafin in taho Malesiya hannunsa ya soma rawa. In ya ɗora bindigar a kafaɗa hannun yakan tsaya cak, amma wajen awon albarushi sai ya zubar. Ni na ja ƙanena gefe na ce masa, "Ka riƙa ɗura masa. Ka san ma'auninsa."

Ya ce, "Haba Yaya, ai ko ba ka faɗa ba."

Da kulle ya kai can gida aka rufe kasuwanni, sai Baba ya ƙara yawan shiga daji. Wata rana na kira, na ji muryarsa ba yadda na saba ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau. Sai da muka gama gaisuwa ya ce, "Jiya na sami barewa a tsaye a bakin fadama. A tsaye fa. Na harba, ta zabura ta tafi. Mun bi jini har rana ta yi, ba mu same ta ba."

Na ce, "Baba, ai rabo ne."

"Ba ta taɓa yi mini haka ba."

Bayan 'yan makonni abin ya sake faruwa. Wannan karon bai bari na yi masa ta'aziyyar rabo ba. Ya ce, "Idon ne ya tafi. Na ba ƙaninka bindigar."

Daga nan hirarmu ta gajarce. Da can yakan ba ni labarin sawu da iska da inda ruwa ya ƙafe, har katin wayata ya ƙare. Yanzu sai gaisuwa da addu'a. Inna ta ce mini yini yake a zaure, ko maharban garin sun zo wucewa ba ya ɗaga kai sosai. Na ce a kai shi asibitin ido, ya ƙi. Ni kuwa ba jirgi, ba hanya. Matata takan same ni a tsaye a baranda ina kallon ruwan sama, ta ce, "Abban yara, sai dai addu'a."

Ƙanena kuma sai hotuna. Ga shi da bindigar a kafaɗa, ga barewa a ƙasa, ga samarin garin a bayansa. Har na ji daɗi, na ce ko ba komai bindigar ba ta bar gida ba.

Wata rana ya kira ni ta bidiyo yana cikin nishaɗi, yana goge bakin bindigar. Na ce, "Ka iya da ita kuwa. Ni da na zaci ita ma ta tsufa."

Ya yi dariya. "Lafiyarta ƙalau, Yaya. Shi ma tsohon idonsa ras."

"Kamar yaya?"

Ya waiga ya ga ba kowa. "Ai dabara na yi masa. Ɗurin zabi na riƙa yi masa. Na ɗan ƙara albarushi don ta buge shi a kafaɗa yadda ya saba. Daga nesa ai sai dai ta yayyafa wa barewa, ba za ta kayar da ita ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba, na sa ya maimaita. Ya maimaita, har yanzu da sauran dariya a bakinsa, don a zatonsa yaba masa zan yi.

Na ce, "Ni fa na ba ka amanar nan."

Fuskarsa ta canza. "Shekara nawa ina riƙe masa jaka? Ina da mata da 'ya'ya, amma a daji ni ne mai ɗauko ruwa. Na roƙe shi ya bar mini, ya ce ban kai ba. Kuma dajin yanzu ba na tsofaffi ba ne, kai ma ka sani."

"In don tsoron daji ne, me ya hana ka faɗa masa a fuska?"

"Kai kana can cikin esi, Yaya. Ba za ka gane ba."

Na kashe wayar. 'Yata ta zo tana tambayata wani abu da Turanci, ban ma ji me ta ce ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙanen nawa ne ya raka Baba bin jinin nan. Yana gefensa tsoho yana sunkuyo yana duba ciyawa, yana zargin idonsa, shi kuwa ya san abin da ya zuba.

Na fara gaya wa Inna. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ka rufa wa gidan nan asiri. Ka bar shi." Na yi kwanaki ina juya maganarta. Amma duk ranar da na kira Baba sai ya ce mini yau ma hazo-hazo yake gani, alhali babu komai a idon. Na kasa daurewa.

Na gaya masa duka, ban rage ba. Ina jin kukan kaji a bayansa.

Ya ce, "Shi ya faɗa maka da bakinsa?"

"Da bakinsa, Baba."

"To." Ya numfasa. "Ciwon ido daga Allah ne, na karɓa. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

Na ce ya karɓi bindigarsa. Ya ce a'a, abin da ya bayar ya bayar. Bai kira ƙanena ya yi masa faɗa ba, bai kai ƙara wajen kowa ba. Inna ce ta gaya wa ƙanen nawa Baba ya sani. Ya turo mini saƙon murya mai tsawo yana cewa na raba shi da ubansa. Na saurara har ƙarshe, ban amsa ba.

Sai da aka buɗe filayen jirgi na samu zuwa gida. Ƙanena ne ya tarye ni a tasha, ya ɗauki jakata, muka gaisa kamar maƙwabta. Da rana matarsa ta aiko da kwano, farfesu ne yana tururi. Baba ya ɗaga murfin ya duba, ya tambayi yarinyar da ta kawo naman mene ne. Ta ce na daji ne, babanta ya harbo. Ya sa mata albarka, ya mayar da murfin a hankali, ya tura kwanon gabana. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna in akwai sauran ɗumamen safe a kawo masa.

Ni ma ban ci ba. Muka raba ɗumamen.