Mai Ƙwai a Ƙarƙashin Mota

Wata safiya Mai Ƙwai ta shigo shagona da rigar aikin mijinta a naɗe a hammata, irin shuɗiyar nan mai haɗe da wando da makanikai ke sawa. Ta ajiye a kan keken ɗinkina, ta ce in rage hannu da ƙafa. Na ɗaga rigar na duba, na tambaye ta ko Direba ne ya rame haka. Ta ce a'a, da tsawonta zan auna. Na ɗauko tef na auna, ban ƙara tambaya ba.

Shagona yana kallon ƙofar gidansu, don haka abin da zan faɗa daga bayan keke na gan shi.

Da farantin ƙwai ɗaya ta fara, a bakin ƙofa, tun tana amarya. Mijinta kuwa, wanda duk layin ke kira Direba, ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin ya sayi tasa, wata farar a-kori-kura mai shan dizal, wadda ta riga ta sha hannu kafin ta zo gare shi. Da motar ta zo, sai farantin ya koma kiret-kiret. Su fita da safe zuwa gonakin kaji na bayan gari, su yi lodi, su bi kantuna suna saukewa. Kullum tana mita cewa yana faɗawa rami yana fasa mata kaya. Ran nan ya gaji, ya tsaya a wani fili ya ba ta sitiyari, ya ce ta tuƙa a gani. Ta koya. Daga baya fasassun ƙwai sun ragu, amma ban taɓa jin ya amsa cewa ya lura ba.

Direba ba ya kai mota gareji don juyen baƙin mai. Yana cewa shi ba zai biya wani ƙato ya kwance noti ya tsaya yana kallon baƙin mai na zuba ba. Babban aiki, irin na giya ko famfon mai, wannan na makaniki ne, ba ya musu. Amma sabis na yau da kullum a inuwar katangarsu ake yi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa, ita kuma ta zauna a kujera 'yar tsuguno da akwatin kayan aiki a gabanta. Ya ce sha huɗu, ta miƙa sifana mai wannan lamba. Ya ce tsumma, ta miƙa. Tana kallo yana tsiyaye tsohon mai a wani daro, ya shafa sabo da yatsa a robar sabuwar filta kafin ya ɗaura ta da hannu, ya kakkaɓe filtar iska, ya canza ta dizal. Da ya kai nan sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba:

"Manaja, a ɗora ruwan zafi."

Haka yake kiranta. Sai ta shiga gida ta ɗora ruwan wanke hannu, ta nemo sabulu. Kafin ta fito inji ya tashi, shi kuma yana goge bonet kamar bai yi komai ba.

Sai ciwo ya zo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, wurin zamansa ya koma wata kujerar roba a tsakar gida, da sanda a hannun hagu. Mai Ƙwai ta ci gaba da fita ita kaɗai.

Da lokacin juye ya yi, ta kai motar gareji. Ta dawo da yamma fuska a ɗaure. Ita da bakinta ta ce makanikin bai cuce ta ba, aikinsa ya yi. Amma ga kuɗin hannu, ga abubuwan da aka cire da sauran ransu, ga yini guda ya tafi masu kanti suna jira. Juye na biyu ya fi na farko zafi, don komai ya tashi, mai da filta da maganin Direba duk a tare.

A nan Yaya ya shigo maganar. Shi ne wan Direba, yana da shagon kayan gini. Kada a ɗauka mugun mutum ne. Shi ya goya ƙaninsa zuwa mota ranar da ya faɗi, shi ya yi ta jinya. Shawararsa ita ce tsohuwar mota mai dizal ta fi cin abin da take kawowa, gara a sayar tun tana da daraja. Akwai ɗakuna a bayan gidansa, su koma can, ci da sha a wuyansa. Ita kuma in tana son abin yi, ta kasa ƙwai a bakin ƙofa kamar da.

Ta saurare shi har ya gama, tana tsaye, don ba ta zama in yana magana. Sannan ta ce ita ta riga ta yi zamanin faranti, ba ta bar komai a can ba da za ta koma ɗaukowa.

"Kuma motar ba ta ce ta gaji ba, Yaya."

"Mota tana magana ne?"

"Tana yi. Ƙaninka ya koya mini jin ta."

Yaya ya dubi Direba, wanda ke kallon ƙasa. Daga ƙarshe ya ce zai zo da dillali, ba don komai ba, ya duba kawai. In ya tarar motar lafiya lau tana ɗaukar nauyin kanta, ya janye bakinsa. In kuwa ya tarar tana neman gareji kuma, magana ta ƙare. A makon ne ta kawo mini rigar.

Ana gobe Yaya zai zo, bayan la'asar, ta fito cikin shuɗiyar rigar, ta ɗaure kallabi tamau. Ta buɗe get don haske, ta jawo kujerar Direba kusa, ta shimfiɗa kwali. Mutanen layi suka zuba ido. Mai wanki da ke maƙwabtaka da ni ya ajiye dutsen guga ya leƙo.

"Mai Ƙwai, a bi a hankali fa, inji ba kaza ba ne."

"Da kaza ce ai da na aiko maka ka fige," ta amsa daga ƙarƙashin mota.

Notin ƙasa ya ƙi kwancewa. Ta fito, ta zura guntun bututu a ƙotar sifana yadda ta sha ganin ana yi, ta koma. Ya saki. Baƙin mai ya biyo hannun rigar da na rage har gwiwar hannu, ba ta ko yi tsaki ba. Ta shafa wa roba mai da yatsa. Ta ɗaura filta da hannu. Ta kakkaɓe ta iska. Ta cire ta dizal ta sa sabuwa fil daga kwali. Duk abin da idonta ya taɓa gani, hannunta ya yi shi bi da bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

A daidai nan Direba ya fara motsi a kujera, yana buga sanda, yana wani gunaguni. Iska ta ɗan taso, sai ta zaci sanyi yake ji. Ta ce masa saura kaɗan. Ta murɗa makulli, inji ya tashi nan take, ta bar shi ya ɗan yi ƙugi ta kashe. Mai wanki ya tafa mata. Ta kama Direba ta shigar da shi ɗaki, ta ɗora ruwan zafi. Na ga yana ta waiwayen motar har suka shige. Ni kuwa na ɗauka kewar motar ce.

Da safe ta jera kiret-kiret wayam a baya, ta tayar da mota, ta fito da ita, ta miƙar da ita a layi. Ba ta kai ƙofar mai wanki ba inji ya yi tari ya mutu. Layinmu kuwa matsattse ne, in a-kori-kura ta tsaya a tsakiya, ko babur sai ya lallaɓa.

Kamar jira suke, sai ga Yaya cikin farar riga, dillali na biye da shi.

Ta murɗa makulli, inji ya juya bai kama ba. Ta sake. Duk murɗawa batir na ƙara sanyi, fuskar dillali na ƙara sakewa. Ya zagaya motar yana shurin taya, yana ce wa Yaya a hankali, amma yadda kowa zai ji, wai da alama famfon mai ne, kuma irin wannan in ya tafi gara mutum ya haƙura. Ya ce dai zai taimaka ya ɗauke ta a haka, don zumunci.

Yaya ya matso wajen taga. Bai ɗaga murya ba.

"Ya isa haka. Kin yi iya ƙoƙarinki, kowa ya gani. Ba ni makullin."

Ta zare makullin, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta sauko.

"Mai makullin yana raye, Yaya."

Ta shiga gida ta fito da kujera, ta koma ta fito da Direba, ta zaunar da shi a gefen mota. Yana zama ya jingine sanda, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a gwiwa ya danna. Ya ɗaga, ya sake dannawa. Ya yi ta yi, yana kallonta. Yaya ya ce ai ga shi nan, shi ma cewa yake ta kwantar da hankali ta bari. Dillali ya ce ciwon ne, haka yake sa hannu.

Ita kuwa ta matso kusa da mijinta. Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta buɗe bonet ta tokare, ta tsaya tana duba inda ta yi aiki jiya. A saman filtar dizal akwai wani baƙin maɓalli zagayayye, faɗin bakin kofi. Ko'ina a injin ƙura ce da maiƙo, shi kaɗai ne yake sheƙi, irin sheƙin abin da tafin hannu ya daɗe yana goga. Ta ɗora hannu ta danna. Ya lotsa laƙwas, babu komai a ciki.

Ta juyo a hankali.

"Wato wannan kake yi in ka aike ni ruwan zafi?"

Direba ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. Tun dawowarsa daga asibiti ban ji ta ba sai ranar.

"Shekara da shekaru ina miƙa maka sifana, ashe ka ɓoye guda a aljihu."

Abin ba wani babba ba ne ga wanda ya sani. Sabuwar filta wayam take zuwa, iska ce a ciki, injin dizal kuwa ba ya tashi in iska ta shiga hanyar mai. Sai an danna wannan maɓallin da hannu an jawo mai daga tanki. Tashin da ya yi jiya da na safiyar nan, da ɗan abin da ya rage a bututu ya yi shi.

Direba ya ɗauki sanda ya nuna mata wani ƙaramin noti a gefe. Ta sassauta shi, ta fara dannawa. Kumfa ya fara fitowa yana tsartuwa, ya daɗe yana yi, sannan dizal zalla ya biyo. Ta ɗaure notin, ta ci gaba har maɓallin ya yi tauri ya ƙi lotsawa. Direba ya buga sanda a ƙasa. Ta kwance makulli daga zane ta shiga.

Batir ya yi nishi sau ɗaya ya yi shiru. Dillali ya gyara hula.

Ta leƙo da kai ta taga.

"Yaya, tunda Allah ya kawo ku, a sa mana hannu. Mun tare wa mutane hanya."

Yaya ya dubi bayan motar da ƙurar da ke jiki, ya dubi farar rigarsa. Sai ya dubi ƙaninsa, ya tarar shi ma shi yake kallo. Ya naɗe hannun riga. Dillali ya ce shi fa ba turi ya kawo shi ba. Ta ce ai mai son sayen kaya ya kamata ya san nauyinsu. Mutane suka yi dariya, dole ya sa kafaɗa. Mai wanki ya zo. Ni ma na ɗora hannu, ko da yake ba zan ce na ƙara wani abu ba.

Layin yana da ɗan gangare. Motar ta mirgina, ta saki kuloci, ta yi tsalle, ta yi gurnani, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Yaya ne a daidai wajen. Mai Ƙwai ba ta tsaya ba, don in ta tsaya batir ba zai sake tayar da ita ba. Ta danna hon a bakin kwana ta wuce gonakin kaji.

Dillali ya tuna yana da wani alƙawari. Yaya ya samu dakali kusa da kujerar ƙaninsa ya zauna, yana kakkaɓe gaban riga. Can ya tambaye ni ko irin wannan baƙin yana fita. Na ce mai wanki ya fi ni sani. Suka zauna su biyu har rana ta ɗaga, sannan Yaya ya kama Direba ya shigar da shi.

Maganar ɗakunan bayan gida ba ta sake tashi ba. Da wani juyen ya kusa, sai ga galan na baƙin mai daga shagon Yaya, ba saƙo. Washegari kiret ɗin ƙwai ya tafi gidansa, shi ma ba saƙo.

Har yanzu ita ke yin sabis ɗinta a inuwar katanga. In babban aiki ne takan kai gareji, ta tsaya a kan makaniki har ya gama, duk abin da aka cire kuma sai ta gan shi a hannunta. Direba na kujera, akwatin kayan aiki a gefen hagunsa, shi ke miƙa sifana. Da ta kai kan baƙin maɓallin nan sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Direba, a ɗora ruwan zafi."

Ya buga sanda a ƙasa. Butar ruwan zafin tana nan kusa da ƙafarsa, tun kafin a fara ta ajiye ta.

Kwanan baya rigar ta dawo shagona, gwiwoyi sun huje. Na ɗauko ƙyalle zan yi faci, ta taɓa shi ta ce wannan bai yi ba, in nemo mai kauri in ninka.