Yaya da Goshin Mai Labarai

Yayata mai kitso ce. Bara ta rasu, kuma ko a allon sanarwa na gidan talabijin ɗin da ta yi wa aiki ba a liƙa komai a kanta ba. Ni akawu ne a ofishin ma'aikata na wannan gida, shi ya sa na ga ya kamata in ajiye abin da na sani. Wani na gani da idona, wani kuma daga bakinta na ji.

A wurin mahaifiyarmu ta koyi kitso. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, sai ta ajiye kujera a ƙofar gidan haya tana kama kan 'yan makaranta da matan unguwa. A nan wata yarinya ta same ta, sabuwar ɗauka a sashen labarai. Man miƙar da gashi ya ƙone mata fatar kai, ga shi washegari za ta fara fitowa a talabijin. Yaya ta duba kan, ta yi tsaki, ta ce wadda ta yi wannan aiki gara ta koma sayar da gawayi. Ta yi mata ƙananan kitso, ta kwantar da su baya, ta naɗe su a ƙeya.

A lokacin duk macen da ta kai wani matsayi, lauya ce ko likita ko matar minista, gashinta a miƙe yake kamar an bi shi da dutsen guga. Sai ga baƙar yarinya tana karanta labarai da gashin da Allah ya ba ta, kuma ya yi mata kyau. Kafin wata ya ƙare mata sun fara shiga shagunan gyaran gashi suna cewa a yi musu irin na Mai Labarai. Sunan da ya bi ta ke nan. Mujallu suka sa hotonta a bango. Manyan matan da suka fara yi mata kallon 'yar ƙauye suka koma aiko direbobinsu tambayar wanda ke yi mata kitso. Ba ta taɓa faɗa ba. Ta dai sa aka ɗauki Yaya aiki, aka ba ta wani ɗan ɗaki tsakanin ɗakin kwalliya da ma'ajiyar wayoyi.

Na san ɗakin sarai. Madubi mai fitilu a gefe, fanka a bango, kujera mai juyawa da ke kuka in an zauna, sai tire mai ɗauke da mataji da kwalbar mai da kibiyar da ake tsaga gashi da ita. Yaya ba ta kama kan kowa a gidan sai na Mai Labarai. Kusan shekara ashirin ta yi a kan kai ɗaya.

Fitilun ɗakin labarai ba sa rufa wa kowa asiri. Silin gashi ɗaya ya tashi, sai ya fito a allo kamar eriya. Mai kyamara, wanda muke kira Dogo, ya kan leƙo ya ce, "Yaya, akwai masu tawaye a goshin hagu." Don haka Yaya ta koyi kama har ƙananan gashin gaban goshi, waɗanda sauran masu kitso ke bari, ta ja su ta ɗaure tamau. A kan wannan aka fi yabonta. Kitsonta yakan yi mako bai motsa ba.

Sau da yawa in na kai takarda na kan tarar da su suna yi.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Kin ɗage mini gira har ba na iya ƙifta ido."

"Da kin ƙifta me za ki gani? Ba takarda ce a gabanki ba? Zauna daidai."

"Wallahi ko murmushi na yi, a ƙeya nake jin sa."

"Labaran naku dama akwai na murmushi? Sunkuyo."

Mai Labarai ta kan haɗiyi maganin ciwon kai kafin ta zauna, su yi ta dariya. Dukkansu biyu sun ɗauka haka kyau yake, sai an sha wuya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk ƙasar daga gaba take ganin kan Mai Labarai, bayan an shafa hoda an gyara haske. Yaya kaɗai ke ganinsa daga sama, a tsefe. Wata Lahadi da rana na je gidanta na tarar an zuba mata abinci ya huce ba ta taɓa ba.

"Auta," ta ce, don haka take kirana har na yi furfura, "na cinye wa yarinyar nan goshi."

Na ce ban gane ba.

"Inda nake fara tsaga da, yanzu fata ce. Ya ja baya ya kai faɗin yatsa biyu, gefen kunnuwa ma ya fara sheƙi."

"Ba shekaru ba ne? Ni ma ga nawa yana tafiya."

"Kai naka gado ne, na Baba ne. Nata hannuna ne."

Ta ce ta jima tana dabara, tana karkata tsagar don ta rufe wurin, amma kowane sabon kitso sai ya ƙara ɗebe wani. Ta san in ta yi shiru aikinta na nan. Ta kuma san in aka ci gaba a haka, wanda ya rage ma tafiya zai yi. Na ce ta bari mu yi tunani. Ta ce ta gama nata tunanin.

Ranar da ta faɗa mata ina tsaye a bakin ƙofa da fayil a hannu. Yaya ta gama tsifa, ta ajiye kibiya, ta miƙa mata ƙaramin madubi ta ce ta duba da kyau. Mai Labarai ta duba, ta kife madubin a cinyarta.

"Na sani. Ai ina da ido. Ki rufe shi kamar yadda kika saba."

"Ƙanwata, ki hutar da shi. Ki ɗaura ɗankwali, ko ki rage shi ƙasa ya sha iska. Wanda ya rage zai tsira, wataƙila ma wani ya dawo."

"Har zuwa yaushe?"

"Shekara. Ko fiye."

"Shekara! Yaya, zazzaɓi na yi kwanaki, na dawo na tarar da sa'ar 'yar cikina a kujerata tana gyaran murya. Manaja kullum maganarsa sabbin fuskoki. Mutane kaina suka sani kafin muryata. In na rufe shi, wa ya rage?"

"Ke kika rage."

"Wannan maganar gida ce. Kama mini kai, lokaci na tafiya."

"Zan kama, amma ba zan yi kitso da ƙwarƙwata ba. Gaban nan ba zan sake jan sa ba."

Ta yi mata manyan kitso sakwa-sakwa, ta bar gaban a sake. Ba a kai rabin labaran ba Dogo ya fara dafe kai. A allo ana ganin goshin ya faɗaɗa, ga ƙananan gashi a tsaye. Washegari manaja ya kira Yaya ofis ya ce ta koma yadda ta saba. Ita ta faɗa mini amsar da ta ba shi: "Ranka ya daɗe, kan mutum ne, ba tabarma ba."

Mako na gaba Mai Labarai ta zo da wata matashiya daga wani babban shago. Ta iya aiki, ba zan rage mata ba. Ta kawo gashin doki ta ɗaura a jikin ɗan abin da ya rage a gaba, ta ja shi ya rufe wurin ruf. Kowa ya ce Mai Labarai ta koma yarinya. Yaya ta yi kwanaki tana zuwa tana zama a benci a baranda da jakarta a cinya, ba wanda ya kira ta. Mai Labarai ta kan wuce ta gabanta ta gaishe ta, idonta a wani wuri. Takardar sallamar ta teburina ta bi. Ni na buga mata hatimi, ni na kai mata.

Ta karanta, ta ninke. Ta ce, "Ka faɗa wa yarinyar can nauyin ya yi yawa. Saiwar ba za ta ɗauka ba." Na faɗa. Matashiyar ta ce in gaishe da tsohuwa.

Yaya ta koma ƙofar gida da kujerarta. Matan unguwa suka dawo, amma ba su daɗe ba, don yanzu ta ƙi jan gashi, su kuma suna cewa kitsonta ba ya kwana uku. Sai yara suka rage mata. Duk yamma ta kan kunna talabijin ta matso da kujera dab da allo. Ba labaran take ji ba. In an gama ta ce, "Ya ƙara ja baya," ta tashi. 'Ya'yanta suka yi ta faɗa, suna cewa matar da ta watsar da ke ina ruwanki da goshinta. Ba ta taɓa zagin Mai Labarai ba, ba ta kuma taɓa ɗora wa matashiyar laifi ba. Cewa take, "Ni na fara, ita ƙarasawa ta yi."

Ranar da Mai Labarai ta fara fitowa da hular gashi mai santsi har kafaɗa, Yaya ta kashe talabijin ɗin. Garin kuwa ya ɗauka sabon yayi ne. Manyan mata suka bi, hular gashi ta yi tsada a kasuwa. Duk da haka ba a jima ba aka ba wata yarinya kujerarta, aka mayar da Mai Labarai shirin safe, daga nan ta ajiye aiki.

Wata Asabar da hantsi, 'yan watanni kafin rasuwar Yaya, ina gidan sai ga mota ta tsaya. Mai Labarai ce, ita kaɗai. Lokacin ciwon gaɓɓai ya riga ya kama yatsun Yaya, ko maɓalli sai an ɓalle mata. Aka gaisa sama-sama. Na tashi zan ba su wuri, Mai Labarai ta ce in zauna, ai ni ɗan gida ne. Ta ƙi kujerar da aka ba ta. Ta zauna a ƙasa gaban Yaya, ta juya mata baya, ta cire hular gashin ta ajiye a gefe.

Daga goshi har kusan tsakiyar kai babu komai. Sauran gashin na baya, ya yi fari, a cukurkuɗe.

"Na je wurin likitoci," ta ce. "Kowa da abin da yake faɗa. Ke nake so ki duba. Zai fito?"

Yaya ta sa yatsunta a kan fatar tana bi a hankali, daga kunne zuwa kunne, ta dawo ta sake bi. Ta daɗe.

"Ba zai fito ba, ƙanwata."

Mai Labarai ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, Yaya ce hawaye ke zubo wa.

"To na bayan fa?"

"Na bayan yana da rai. Auta, miƙo mini mai."

Na miƙa mata, na buɗe murfin don ba za ta iya ba. Ta shafa, ta warware gashin da yatsu, ta fara kamawa. Guda huɗu kawai ta yi, manya, kuma sai da rana ta take kafin ta gama. Tana yi tana tsayawa ta matsa hannu.

"Da zafi?" ta tambaya.

"A'a, Yaya. Ko kaɗan."